Ragowar ulu ta cika min leda, za ta isa doguwar rigar sanyi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekara 3 ke nan ina saƙa kayan jarirai, hula da safa da 'yar riga, kuma duk aikin da na gama sai ya bar min rabin dunƙule ko abin da bai kai ba. Jiya na zazzage ledar a kan gado, na ga abin ya fi ƙarfin zubarwa: fari, ruwan toka, ruwan hoda, shuɗi kala 2, da wani ja da ban ma tuna inda na samo shi ba. So nake in saƙa wa kaina doguwar suwaita mai buɗaɗɗen gaba, ta kai gwiwa, marar nauyi, in riƙa ɗorawa kan atamfa da safe in hunturu ya shigo. Tsorona kar zare ya yanke min a tsakiya, kar kuma in fito kamar an lulluɓe ni da bargon jariri. Da kibiya nake saƙa.

Wata 'yar uwa daga Zariya: Wa alaikumus salam. Kafin komai ki kai ledar wurin mai sikeli a auna miki, don ido yana ruɗi. Riga har gwiwa da siririn ulu, ki sa ran giram 500 ko fiye, gwargwadon jikinki. Gara da kika ce kibiya, kwarashi ya fi cin zare kuma saƙarsa ta fi nauyi.

Wata dattijuwa mai koyar da saƙa: 'Yata, ke kala kike kallo, ni kuma kauri nake ji miki. Ki ware su bisa kauri tukuna. In kika haɗa mai kauri da siriri a jiki ɗaya, wani wuri zai tattare, wani ya saki, kuma babu gugar da za ta gyara shi. Sirirai sosai ki haɗa biyu su zama ɗaya. Wanda kika manta asalinsa, ki yanki ɗan guntu ki kusantar da ashana: in ya narke ya dunƙule yana warin roba, irin ulun da muke saye a kasuwa ne, in ya yi ƙaurin gashi, na tumaki ne, shi kuma ruwan zafi yana tsuke shi, kar ki cakuɗa su. Rashin nauyi kuwa daga kibiya yake. Zaren da kika saba yi da kibiya lamba 4, ki gwada shi da mai kauri, lamba 5.5 ko 6. Ki saƙa ɗan gwaji kamar tafin hannu, ki wanke ki shanya, sannan ki auna.

Wata daga Jos: Anti, ki faro daga wuya ki gangaro. Da kin wuce hammata ki gama hannuwan biyu, ragowar duk ki zuba a tsayi. Inda zare ya ƙare, nan rigar ta tsaya, ba wanda zai san gwiwa kika nufa.

Dattijuwar ta dawo: Dabarar tana da kyau, amma doguwar riga marar ɗinki a kafaɗa tana zazzagowa, balle saƙar sakwa-sakwa. In za ki bi wannan hanyar, ki ɗinka siririn ƙyalle ta ciki daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ki kuma rage inci 2 a tsayin da kike so, da kanta za ta miƙe.

Wata daga Katsina: Ni dai jan nan ki bar shi a leda. Ki sa ruwan toka ya zama uwa, kina ratsa shi da sauran layi bibbiyu. Canjin kala a baki za ki riƙa yi, inda bakin rigar zai rufe shi. Kuma don Allah ban da dutsen guga, tawa haka ya bar mata shaida a gadon baya, har yau a gida kawai nake sa ta. Kwance ake shanya ta, ba a igiya ba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na kai wa mai kaji ya auna, giram 430 ne ban da jan. Mama, na yi gwajin ashana, jan na tumaki ne ashe. Gobe zan ƙaro ruwan toka dunƙule 3. Wanda zan saya ɗin in bai yi daidai da tsohon ba, in sa shi a hannuwa ko a ƙasa?