Taƙaitaccen bayanin shawarwarin manoman auduga kan tsadar kayan noma da ciyawa

Ga abin da na tattara daga doguwar tattaunawarmu ta manoman auduga na jihar Maradi.

1. Kowa ya yarda cewa kuɗin buhun taki mai kilo 50, NPK ko yuriya, ya yi wa ƙaramin manomi nauyi, musamman tun lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023. Shawarar masu rinjaye ita ce a haɗa kuɗi a ƙungiyance a saya tun da rani, a kuma ƙara da takin gargajiya.

2. A kan ciyawa aka fi daɗewa. Auduga tana da jinkirin tashi, saboda haka idan ƙarangiya da kiri-kiri suka rufe ta a makonni 6 na farko, sai ka iske tsiron ya yi rawaya ya tsaya siriri, ko an zuba masa taki. Don haka kada noman farko ya makara, kuma maimai ya biyo baya da wuri.

3. Ra'ayi ya rabu kan feshin maganin ciyawa. Wasu sun ce ya fi biyan ƴan ƙwadago sauƙi, wasu kuma suna tsoron jabun magani da illarsa ga mai feshi da dabbobi, sun fi son hauya da gayya. Ni dai tsoron nan ina ganin yana da tushe.

4. An yi gargaɗi cewa maganin ciyawa mai suna gilifosat yana ƙone audugar da ta riga ta tsiro, don haka kafin tsiro ake fesa shi.