Muhawara: Wai lada da horo ne kaɗai ke gina halin yaro?

Tsohon Hedimasta: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina bai canza ba: duk halin da ka gani a jikin yaro koya masa aka yi, ko da lada ko da horo. Masanin kimiyya Ivan Pavlov na Rasha ya nuna kare na zubar da miyau da zarar ya ji sautin da aka saba haɗa masa da abinci. B. F. Skinner, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya koya wa ɓera danna ƙarfe don ya sami abinci. John Watson kuwa, shi ma masanin halayya, cewa ya yi a ba shi lafiyayyun jarirai 12, zai mai da wanda ya ga dama likita, ko lauya, ko ɓarawo. Malamin da ya ajiye bulala ya ajiye rabin aikinsa.

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma, amma shaidun da kuka kira ba za su tsaya muku ba. Skinner ɗin nan yana cikin manyan masu adawa da horo. A littafinsa na 1938 ya kawo gwajin da ƙarfen ke bugun ƙafar ɓera idan ya danna. Ɓerayen sun ja baya na ɗan lokaci, da aka daina bugun suka dawo, a ƙarshe yawan dannawarsu ya kamo na waɗanda ba a taɓa buga ba. Abin da ya fahimta shi ne horo danne hali yake yi, ba ya cire shi. Shi ma Watson, a wurin da ya yi maganar jariran, ya amsa cewa ya wuce iyakar hujjojin da ke hannunsa.

Ɗalibin Jami'a: Malama ta gama da horo, ni ladan nake ja da shi. A 1930 Edward Tolman da Honzik sun saki ɓeraye cikin wani akwati mai lunguna. Wani rukuni sun yi kwana 10 suna yawo ba a ajiye musu komai a ƙarshen hanya ba. A rana ta 11 aka sa abinci, nan da nan suka kamo waɗanda ake ba abinci tun farko. Ashe duk yawon nan suna haddace hanya a ƙwaƙwalwa, ba lada ba horo. To wa ya koya musu?

Tsohon Hedimasta: Ɗana, yaro ba ɓera ba ne.

Ɗalibin Jami'a: Haka ne Baba, amma ku kuka fara kawo ɓeran. Mu koma kan yaron. Da Skinner ya fitar da littafi a 1957 yana cewa harshe ma ta wannan hanyar ake koyonsa, masanin harshe Noam Chomsky ya mayar masa da martani a 1959: yaro ƙarami na haɗa jimlar da bai taɓa ji a bakin kowa ba, balle a yaba masa a kanta.

Maman 'Yan Biyu: Ni abin da ke damuna ba wanda ya taɓo shi. Yaro yana koyo da ido. A 1961 Albert Bandura a jami'ar Stanford ya sa ƙananan yara suka kalli babba yana jibgar wata 'yar tsana ta roba da ake hurawa. Da aka bar su da ita, da yawansu suka yi mata irin dukan da suka gani, har da kalaman da babban ya furta. Ba wanda ya ba su alewa. Saboda haka Baba, na yarda bulala tana koyarwa, sai dai ina tsoron darasin da take bayarwa shi ne: wanda ya fi ƙarfi shi ke duka. Kuma ba wanda aka daka kaɗai ke ɗaukar darasin ba, duk ajin na kallo.

Malamin Lissafi: Hajiya, a yi adalci. 'Yar tsanar nan don duka aka ƙera ta, in ka ture ta tashi take yi. Masana da dama sun soki gwajin ta nan. Dukan roba daban, dukan ƙani daban. Kuma kada a watsar da Skinner gaba ɗaya, yabo a kan lokaci yana aiki, ina gani a aji.

Maman 'Yan Biyu: Na karɓi gyaran, Malam. Amma ba roba kaɗai aka duba ba. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken da ya shafi yara sama da 160,000, suka ga dukan yaro na tafiya tare da ƙarin faɗa da rashin ji. Ba su ga alamar yana gyara hali ba.

Malamin Lissafi: Wani zai ce yaron da ba ya ji shi aka fi duka tun farko, ba dukan ne ya lalata shi ba.

Malamar Firamare: Ko da haka ne, Malam, an daka kuma bai gyaru ba. Shi ma ladan da kake yabo yana da tarko. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa sun yi wa yara masu son zane alkawarin takardar yabo idan sun zana. Bayan haka, da aka bar su da alƙaluman ba alkawarin komai, sha'awarsu ta ragu, ba kamar waɗanda ba a yi wa alkawari ba.

Tsohon Hedimasta: To madalla. Kun hana bulala, kun rage wa kyauta daraja. 'Yata, ke da ke cikin aji yanzu, ɗalibai maƙil har ƙasa, yaro ya tashi ya mari na kusa da shi. Me za ki yi a wannan lokacin? Ba Stanford nake tambaya ba.

Malamar Firamare: Zan raba su, in sauya masa wurin zama zuwa gabana, in ci gaba da darasi. Da an tashi tara in zaunar da shi in ji abin da ya haɗa su, ya ba ɗan'uwansa haƙuri, ya rasa wasan ranar. In ya maimaita, in kira mahaifinsa.

Tsohon Hedimasta: Hana shi wasa ai horo ne, 'yata.

Malamar Firamare: Horo ne Baba, ban musa ba. Amma ban dake shi a gaban yara don in hana shi duka ba.