Daga CentOS 7 zuwa RHEL 9: me tsohon hannu zai sake koyo?

Ɗan Zariya: Salamu alaikum malamai. Tallafin CentOS 7, tsarin Linux na uwar garke, ya ƙare ranar 30 ga Yuni 2024, amma ofisoshi a Maraɗi suna kansa. Wanda ya ƙware a 7, ina zai fara da RHEL 9, wato Linux na kamfanin Red Hat?

Bagobiri: Wa alaikumus salam. Fara da reso, wato haɗin sadarwa. An cire network-scripts, tsohuwar hanyar saita reso, manhajar NetworkManager ke riƙe da komai, saitin yana /etc/NetworkManager/system-connections/. Ka koyi nmcli, umarnin sarrafa NetworkManager, sosai. Ka duba injin kuma: 9 yana bukatar CPU mai matakin x86-64-v2, tsohuwar uwar garke da ba ta da shi ko tashi ba za ta yi ba.

Malama Mokoyo: Ɗan'uwa, SSH, hanyar shiga injin daga nesa, shi ke kulle mutane waje. An hana root, asusun shugaba, shiga da kalmar sirri, don haka ka buɗe asusu mai sudo (izinin yin aikin root) tun wajen girkawa. Sa hannun SHA-1, tsohuwar hanyar tantancewa, ma a rufe yake, tsofaffin na'urori sai su ƙi haɗuwa. update-crypto-policies --set DEFAULT:SHA1 na buɗe shi, amma faci ne na ɗan lokaci. SELINUX=disabled kuwa ba ya kashe SELinux, tsarin tsaron injin, a kernel, wato zuciyar Linux; sai selinux=0 ta grubby, umarnin saita tashin injin, ko da yake ban ba da shawarar kashewa ba.

Bagobiri: Leapp, manhajar ɗaga tsarin zuwa sabuwar siga, ba ya tsallake 8: sai ka bi ta RHEL 8 kafin 9. Gudanar da leapp preupgrade, karanta /var/log/leapp/leapp-report.txt. Kada ka soma sai batirin ajiya ya cika. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsaka, injin na iya ƙin tashi.