Idan naka ne ya rufe ƙofa, ba ka jin ƙararta

Ɗan Kusiri: Salamu alaikum. Tun da Trump ya sake sa Chadi cikin ƙasashe 12 da ya hana shiga Amurka a Yunin 2025, majalisarmu ba ta da wata hira sai wannan. Na lura mutane ba sa tambayar me aka yi, sai dai wa ya yi. Wanda ya ga irin haka a gidansu ya ba mu labari.

Tela, Njamena: Wa alaikumus salam. Ni da yayana ne. Yana zaune a Amurka, ɗan Dimokurat ne na gani-kashe-ni. A Satumban 2017 da aka fara sa Chadi a jerin, kullum sai ya bugo waya yana faɗa, wai ƙiyayyar Musulmi ce tsagwaronta. Ban musa masa ba, don matarsa tana nan wurinmu tana jiran biza har aka cire mu a Afrilun 2018. To a Satumban 2021, zamanin Biden, da aka riƙa loda 'yan Haiti a jirgi daga garin Del Rio da ke kan iyakar Amurka da Meziko ana mayar da su ƙasarsu, na tura masa hotunan jami'an tsaron iyaka masu dawaki suna koran su. Amsarsa ita ce, ai kowace ƙasa dole ta tsare iyakarta. Na ce Yaya, dokar korona da aka kore su da ita fa ta Trump ce, kuma ta ci gaba da aiki har Mayun 2023. Sai ya tambaye ni kuɗin makarantar yara.

Hajiya, Garwa: Namu juyin naka ne. Mijin ƙanwata masoyin Trump ne. Shekaru yana zagin Obama, wai baƙar fata ne amma a 2012 kaɗai ya kori mutum sama da 400,000, ba tausayi. Da gwamnatin Trump ta soke kariyar wucin gadi ta zama da aiki a Amurka da aka bai wa 'yan Kamaru a 2022, cewa ya yi doka doka ce. Bai san ɗan wansa da takardar nan yake aiki a can ba. Ran da uwar yaron ta zo da kuka, ko shayinsa bai shanye ba.

Malamin makaranta, Mokolo: Ku bar Amurka ku dawo gida. Tun 2013 muke maƙwabtaka da sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a nan Kamaru. Da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2017 cewa Kamaru ta tilasta wa 'yan gudun hijirar Najeriya aƙalla 100,000 komawa, abokan aikina 'yan jam'iyya mai mulki suka ce tsaro ne, Boko Haram na sajewa da su. Su ɗin nan ne kuma ke kumfar baki duk lokacin da Ikwatoriyal Gini ta koro 'yan Kamaru. 'Yan adawar ma ban ga wanda ya taɓa kai ko kwanon gero sansanin ba, rahoton kawai suke so.

Direba, Marwa: Malam ka faɗi gaskiya. Amma ban yarda duk ɗaya ba ne. A 2011 Obama jinkirta takardun 'yan Iraƙi ya yi don a sake tantance su. Trump kuwa a Janairun 2017 dakatar da karɓar 'yan gudun hijira ya yi gaba ɗaya na kwana 120, har da waɗanda suke cikin jirgi aka tsare.

Ɗan Kusiri: Direba, bambancin yana nan, amma waɗanda muke magana ba su taɓa lissafa shi ba. A Disambar 2021 da rikici ya kore mu muka tsallaka kogi zuwa Njamena, ba wanda ya tambaye mu jam'iyya. Hajiya, yaron ya samu lauya kuwa?