Cannibal Corpse: da gaske tun tafiyar Chris Barnes waƙa ɗaya suke maimaitawa?

Ɗan Sabon Gari: Jama'a, ni fa na tsaya a kan bakana. Cannibal Corpse, ƙungiyar kiɗan death metal ta Amurka, ta ƙare a 1995, ranar da suka rabu da mawaƙinsu na farko, Chris Barnes. Kundin waƙoƙinsu huɗu na farko, daga Eaten Back to Life na 1990 zuwa The Bleeding na 1994, su ne ƙungiyar. Duk abin da ya biyo baya har zuwa Chaos Horrific na 2023, kundi na 16, abu ɗaya ne ake sauya masa bango.

Mai Ganga: Haba Yaya, wannan magana ta yi nauyi. Ka saurari The Wretched Spawn na 2004 kuwa? Jitar da Pat O'Brien ya kaɗa a wurin, musamman a Frantic Disembowelment, 'yan ƙungiyar na 1991 ba za su iya ta ba, ko da sun kwana suna gwaji. Sannan Alex Webster mai jitar bes da Paul Mazurkiewicz mai ganga suna nan tun da aka kafa ƙungiyar a Buffalo a 1988. Kiɗan daga hannunsu yake fitowa. Barnes murya ce da baitoci.

Ɗan Sabon Gari: Ƙanina, ai muryar ce maganar. Saka Tomb of the Mutilated na 1992 ka rufe ido. Gurnanin Barnes ya yi ƙasa har ba ka rarrabe shi da jitar bes, ba ka jin kalma ko ɗaya, tsoro kawai yake shiga jikinka. Aikin furodusa Scott Burns a ɗakin ɗaukar sauti na Morrisound a Tampa yana da wani dauɗa da ɗumi. Na yanzu ya yi tsafta da yawa. Gwaninta ta ƙaru, na yarda, amma tsoron ya tafi.

'Yar Zazzau: Malam, a nan ne muka rabu. Abin da kake kira rauni shi ne ƙarfin George Fisher, mawaƙin da ya gaji Barnes. Mutumin yana furta kowace gaɓa a kan bugun ganga, komai saurinsa, har muryar ta zama wata ganga ta biyu. Ka tuna yadda Vile na 1996 ya buɗe: dogon ihu mai tsini, sai ya faɗo cikin gurnani ba tare da numfashinsa ya karye ba. Barnes bai taɓa yin haka ba, kuma abin da ya yi daga baya a ƙungiyarsa ta Six Feet Under ya nuna cewa kiɗa mai tafiyar hawainiya yake so. Da ya zauna, da ya ja su baya.

Akwai kuma abin da ba a so a taɓo. Baitocin zamanin Barnes cike suke da cin zarafin mata, wasu ma sunan waƙar kaɗai ba na iya rubuta shi a nan. Na san su suna cewa labarin ban tsoro ne kamar fim, amma ni mace ce, kuma ina jin bambanci. Bayan tafiyarsa jini bai ragu ba, sai dai wannan ɓangaren ya ja baya sosai, shi ya sa na fi sakewa da na baya-bayan nan.

Malam na Damagaram: 'Yar'uwa, wannan gaskiya ce, kuma ba mu kaɗai muka ji nauyinsa ba. A Jamus an hana su rera waƙoƙin kundi ukun farko a dandali har zuwa 2006. A Amurka ma Sanata Bob Dole ya ambace su a 1995 cikin masu ɓata tarbiyya. Ina ganin wannan hanin ne ya ƙara wa zamanin Barnes kwarjini a idon mutane, fiye da abin da ke cikin kiɗan.

Ɗan Sabon Gari: Malam, ban yarda ba. Hammer Smashed Face, waƙar zamanin Barnes, ba hani ne ya ɗaga ta ba. Har yau ita ce suke yawan rufe wasa da ita, da Fisher a gaba. Me ya sa a kundi 12 da suka yi bayan Barnes ba su samu wadda ta ture ta ba?

Mai Ganga: Saboda ita ta fito a fim ɗin Ace Ventura a 1994, duniya ta gan ta, Yaya. Farin jini daban, inganci daban. Kuma batun maimaici, saka Kill na 2006 kusa da Vile. A Kill sun sassauta tsirkiyar jita sautin ya yi ƙasa, Erik Rutan ya yi aikin furodusa, nauyin ya sauya gaba ɗaya. Shi Rutan ɗin ma ya shigo ƙungiyar da jitarsa a Violence Unimagined na 2021, kana jin hannunsa a waƙoƙin da ya rubuta.

Ɗan Sabon Gari: Kill kam na ba ka shi, kundi ne mai kyau. Amma ɗaya ne cikin 12.

'Yar Zazzau: To Malam, a daren nan ka saurari Scourge of Iron daga Torture na 2012, ka ji yadda suka rage gudu suka bar jita tana taku da nauyi, sannan ka dawo ka gaya mana a wane kundin Barnes ka taɓa jin irinta.