Tari ya dawo bayan maganin tibi, hoton ƙirji ya ɗaure mini kai

Assalamu alaikum manyanmu likitoci, don Allah ku duba mini wannan.

Mara lafiyar dattijo ne manomi, ya gama maganin tarin fuka na wata 6 shekara biyu da suka wuce. Yau wata 4 ke nan tari ya dawo, sai ramewa yake yi, jiya har ya buɗe mini hankicinsa na ga ɗigon jini. Zazzaɓi kusan babu. Sau biyu muna yin GeneXpert, wato gwajin majina na neman tibi, babu ƙwayar.

Hoton ne ya hana ni sukuni. Akwai kogo a saman huhun dama, a cikinsa wani dunƙule kamar ƙwallo, iska ta kewaye shi ta sama kamar jinjirin wata, fatar da ta lulluɓe huhun a wajen kuma ta yi kauri. Zuciyata ta fi kwantawa da Aspergillus ne, wata irin funfuna, ya samu tsohon kogon da tibi ya bari ya zauna.

Ba mu da CT, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, ba mu da gwajin jini na Aspergillus IgG, shi kuma ba shi da kuɗin zuwa birni. Abokin aikina ya ce a mayar da shi kan maganin tibi. Ban yarda ba, ga shi rifampicin da ke cikin maganin tibi na karya ƙarfin itraconazole, maganin Aspergillus ɗin.

Idan na sake ɗaukar hoton yana kwance, na ga dunƙulen ya gusa, ya isa hujjar fara itraconazole? Kuma jini ya kai yaya kafin in tura shi babban asibiti da gaggawa?