Dan Allah ku ba ni shawara, ɗana ya ce ba zai ƙara taka coci ba

Maman Samari:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kwana uku ke nan bana iya bacci. Shekara tara muna zaune a Amurka ni da maigida da yaranmu maza biyu, aikin jinya nake yi. Cocin da muke zuwa yawanci turawa ne, mu baƙaƙe ba mu fi gida huɗu ba, kuma tsakani da Allah mutanen nan sun mana alheri, lokacin da aka yi wa maigida aiki a asibiti su suka dinga kai yara makaranta suna ɗauko su har sati shida, wannan kam ba zan manta ba. Amma tun da ɗan sandan nan ya danne wuyan George Floyd har ya mutu a watan Mayun 2020 na lura akwai maganar da ba a so a taɓa. Ƙasa ta ɗauka da zanga-zanga, ranar Lahadi fasto ya yi addu'ar zaman lafiya bai ko ambaci mutumin ba, da wani ya tambaye shi sai ya ce shi baya kawo siyasa kan bagade. Na haɗiye na ce ba komai.

To yanzu abun ya shigo har cikin gidana. Babban ɗana shekararsa 14, a taron matasa wasu yara biyu suka tasa shi gaba suna mishi kukan biri, shugaban matasan yana tsaye a wurin, abun da ya ce kawai wai wasan yara ne kuma Kirista ai mai yafiya ne, su sha hannu a wuce wurin. Yaro ya sha hannu ya dawo gida ya yi gum, sai bayan sati biyu ƙaninsa ya tona. Yanzu ya ce shi da coci haihata haihata, wai addinin masu cinikin bayi ne, da Littafi Mai Tsarki a hannu suka dinga zane mutane. Na buɗe baki in ba shi amsa na rasa ta cewa. Babansu ya ce mu tattara mu koma cocin 'yan Afirka ko da yake tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, ni kuma kunyar alherinsu nake ji. Mu tashi ne ko mu zauna? Kuma me zan faɗa wa yaron nan?

'Yar Zumunta:
Wayyo sannu Maman Samari, ina karantawa jikina na rawa. Ni dai da ni ce ko Lahadi ɗaya ba zan ƙara ba. Alheri daban, mutuncin ɗanki daban. Ku bi maganar baban yara.

Mai Waƙa:
'Yar'uwa ki yi haƙuri ki yafe, ki bar wa Allah. Ki tuna abun da ya faru a cocin Emanuel, cocin baƙaƙen fata a birnin Charleston na Amurka, ran 17 ga Yunin 2015, wani saurayi farar fata ya shiga ya zauna da su a nazarin Littafi Mai Tsarki sannan ya harbe mutum tara har da fastonsu. Kwana biyu kacal, a gaban kotu wasu daga cikin dangin mamatan suka ce sun yafe mishi. In waɗannan za su iya, mu wane uzuri gare mu? Addu'a da azumi kawai.

Dattijo:
'Yata, sannu da wannan nauyi. Mai Waƙa, misalinka mai kyau ne amma rabinsa ka kawo. Sun yafe, gaskiya ne, ba dukansu ba ma, amma yafiyar ba ta hana shari'a ba, an gurfanar da yaron an yanke mishi hukuncin kisa a 2017. Kuma su da bakinsu suka yafe, ba wani ne ya tsaya a kansu ya ce maza ku sha hannu don kar taro ya lalace ba. Abun da aka yi wa jikana wannan ba sulhu ba ne, rufa-rufa ce, an rufe tukunya da wuta a ƙasa.

Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikkilisiya tana jaririya, Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu mata wurin rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce musu ku daina kawo siyasa ba, ba su ce ai dukanmu ɗaya ne ku yi shiru ba. Sun tara jama'a aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, kuma ki duba sunayen, Istifanas, Filibus da sauran, duk sunayen Helenanci ne, wato ɓangaren da ya yi kuka shi aka damƙa wa ragamar. Sai ki je Galatiyawa sura 2. Bitrus da kansa, wanda ya ga wahayi ya shiga gidan Karniliyus, a Antakiya yana cin abinci da al'ummai, da wasu suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye jiki don tsoro, har Barnaba ya bi shi. Bulus bai ja shi gefe ya yi mishi raɗa ba, a gaban kowa ya tsauta mishi, ya ce ba su tafiya daidai da gaskiyar bishara. Kin ji? Maganar wa zai zauna da wa a kan tebur, Bulus ya ce maganar bishara ce. To fasto ya daina fakewa da siyasa.

Shawarata kar ki tashi tukuna, kuma kar ki zauna shiru. In kuka sulale babu bayani za su ce ai nisa ne ya musu yawa, gobe a yi wa ɗan wani. Ki bi Matiyu 18, ku je ke da maigida ku samu shugaban matasan, in bai ji ba ku ɗauki mutum ɗaya ko biyu ku je wurin fasto da dattawa. Ku faɗi abun da kuke so a fili: a kira abun da sunansa zunubi, iyayen yaran su sani, yaran su nemi gafara da gaske. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. In sun ƙi, to ki tashi da hankali kwance, kin sauke naki.

Malamin Tarihi:
Baba Dattijo ya gama magana kan cocin, ni kan yaron zan yi. Mama, dan Allah kar ki ce mishi ƙarya yake yi, don zai shiga intanet ya gano da gaskiyarsa sannan ya daina yarda da ke gaba ɗaya. A 1807 an buga wani guntun Littafi Mai Tsarki a Landan don bayin da ke tsibiran Karibiyan, aka cire labarin fitar Isra'ilawa daga bautar Masar, aka cire Galatiyawa 3:28 inda aka ce ba Bayahude ba Bahelene, ba bawa ba ɗa. Babban taron Baftis na jihohin kudancin ƙasar Amurka a 1845 aka kafa shi saboda rigimar mallakar bayi, sai 1995 suka fito suka nemi gafara, shekara 150 ke nan. Duk ya faru. Amma ki tambaye shi, in Littafin na goyon bayansu ne me ya sa sai da suka yanke shi da almakashi kafin su ba bayi? Tsoron abun da ke ciki suke yi.

Kuma maganar wai addinin turawa ne, a ina? Ayyukan Manzanni sura 8 mutumin Habasha ne Filibus ya yi wa baftisma. Sarki Ezana na Aksum, tsohuwar daular Habasha, ya karɓi bangaskiya tun ƙarni na 4, lokacin yawancin arewacin Turai ba su ji sunan Yesu ba. Agustin da malaman tauhidinsu ke ji da shi a 354 aka haife shi a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. A nan Amurka ma, Richard Allen, wani mai wa'azi baƙar fata, da abokansa da aka zo ɗaga su daga kan gwiwa suna cikin addu'a a wani cocin turawa a Filadelfiya, ficewa suka yi daga ginin, ba daga Almasihu ba, har aka kafa AME, cocin Methodist na baƙaƙen fata, a 1816, wanda Emanuel ɗin da Mai Waƙa ya ambata ma nasu ne. Martin Luther King fasto ne, wasiƙar da ya rubuto daga kurkukun Birmingham a Afrilun 1963 amsa ce ga malaman addini takwas farar fata da suke cewa a bi a hankali a jira. Ki ba yaron ya karanta da kansa, shekara 14 zai gane sarai.

Matar Fasto:
Duk na yarda, amma bari in ɗan taɓo mu ma, laifi tudu ne. Mu 'yan Afirka da ke ƙasar nan sau nawa muke ce wa yaranmu kar ku yi abota da baƙaƙen Amurka wai ba su da tarbiyya? A cocinmu na ji da kunnena. Don haka komawa cocin 'yan Afirka ba shi ne maganin ba kai tsaye, kowa ya koma cikin nasa sai katangar da Afisawa 2 ta ce Almasihu ya rushe mu sake ginata da hannunmu, ko da yake ni ba zan ce uwa ta bar ɗanta a inda ake cin zarafinsa don a ce ana haɗin kai ba. Abu ɗaya dai, kar ki tilasta mishi zuwa yanzu. Ku yi sujada a gida, ki bar shi ya yi fushinsa, Zabura cike take da masu fushi suna tambayar Allah har yaushe.

'Yar Zumunta:
Mama Fasto kin taɓa ni fa, nima na taɓa faɗa wa 'yata haka, Allah ya gafarta mun. Amma har yanzu ina kan bakata, in suka fara kame-kame ki kwashe yaranki.

Maman Samari:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya saka. Jiya da dare na zauna da shi na fara da neman gafararsa, don shirun da na yi tun 2020 yana kallo, ashe ya riƙe. Na karanta mishi abun da Malam ya rubuta, maganar almakashin nan ta sa shi dariya, karo na farko cikin wata guda, ya ce in turo mishi sunan sarkin Habashan zai duba da kansa ko gaskiya ne. Bai ce zai koma ba, ni ma ban matsa ba. Maigida ya kira fasto, an sa mana ranar Alhamis ƙarfe shida tare da dattawa biyu, kuma wata tsohuwa baturiya, ita ce ma ta fi kai su makaranta wancan lokacin, da ta ji labari ta kira tana kuka ta ce tare za mu je. Baba Dattijo, yaron ya ce yana so ya je ya yi magana da bakinsa, in bar shi ko ya yi ƙanƙanta da irin wannan zaman?

Dattijo:
Ki bar shi ya je, 'yata. Ki zauna kusa da shi, in murya ta sarƙe mishi kar ki karɓe maganar, ki jira ya ƙarasa.